Haƙoran Rifkatu

Shekara goma sha ɗaya makullin tanki na aljihuna.
Kafin ladan ya gyara murya, kafin ƙararrawar coci,
ni ke tada inji a gindin dutsen Kaltungo,
in kasa kunne: bututu ya yi tari, ya yi atishawa,
sannan ya saki murya cikin jarkoki.

Da aka haƙa burtsatsen nan
kwana uku ƙasa na aman farin gari.
A na huɗu mata suka rangaɗa guɗa.
Baba Lamela ya tuɓe hula, ya tara hannu biyu,
ya sha, ya ce, "Yau mun yi sallama da rafi."
Muka yi sallama kuwa,
da jan ruwan damina,
da gudawar da ke ɗauke yaro
kafin ya iya faɗin sunansa.

Ruwa garau.
Jefa allura a bokiti, za ka ga kafarta.

Rifkatu, 'yata ta uku, da shi aka dama kokon yayenta.
Da ta yi famfara muka ce ta rufe giɓin
kada ƙadangare ya gani.
Ta rufe. Sabo ya fito,
ya fito da zane, launin tsohon goro,
ita ko ba ta taɓa tauna goro ba.
Uwarta ta dirje da gawayi,
ta dirje da gishiri, da aswaki, har dasashi ya yi jini.
Ashe ba a kai zanen yake ba.
A ciki yake.

Yanzu in aka ba da dariya a aji
Rifkatu kan kai tafi bakinta
kamar mai kare aci-balbal daga iska.

Wata Talata Malama Zulai ta zo daga Gombe
da 'yan kwalabe a cikin kula.
Ta ɗiba a famfon kasuwa, ta ɗiba a na firamare,
ta ba kowace lamba, kamar masu jiran likita.
Na ce, "Malama, ɗaga ki gani, ko ƙura babu."
Ta ce, "Ido ya san kima, Malam,
amma akwai abin da ba ya hawa mudunsa."

Mako uku takarda ta dawo.
Sunan ya ƙi zama a harshena: fuloraid.
Wai dutsen ne ke jiƙa shi can ƙasa, cikin duhu,
tun kafin kakanninmu su hau kansa su yi gida.
Kaɗan ɗinsa gyara ne, in ji ta,
amma ka san miyar da hannu ya zarce mata gishiri.

Na ce, "To mu tafasa."
Ta girgiza kai.
"Wuta mai rai take kashewa. Wannan ba shi da rai.
Tafasa sai dai ta ƙara masa kauri."

A daren na kwanta, makullin na tokarin cinyata.
Na ƙirga bakunan da na shayar,
na kai layin Baba Lamela, lissafi ya ɓace.
Wa zan kai ƙara? Dutse?
Kwamiti ya zauna sau biyu, an sha lemo,
an ce matata na tafe bayan kasafi.

Da asuba na tada inji.
Ƙishirwa ba ta jiran kasafi.

Sai dai na kafa duro a ƙarƙashin indararo,
na ɗaure masa farin ƙyalle a baki,
saboda Yohanna, autanmu,
wanda haƙoran nononsa ba su fara girgiɗi ba.

Jiya hadari ya taso daga wajen Billiri.
Muka bar zubin farko ya wanke kwano,
sannan Rifkatu ta riƙe mazurari,
indararo na dukan wuyanta, sanyi na shiga rigarta.
Ta ƙyalƙyale.
Hannayenta biyu na kan mazurari,
babu na ukun da zai je baki.

Na tsaya a ƙofa da tocila.
Ban kashe ba.